Kwale-kwalen Auta

Ƙararrawar ƙarama ce, irin ta kan tebur. Yaya Babba ne ya saya wa Umma ita ranar da aka sallamo ta daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Ya ajiye ta kusa da hannunta na hagu, wanda yake motsi, ya ce, “Umma, duk abin da kike so, ki danna kawai, za a zo.”

Bai faɗi wanda zai zo ba. Shekara bakwai ke nan ana dannawa, kuma mutum ɗaya ce take zuwa.

Auta ce. Su huɗu Umma ta haifa: Yaya Babba, wanda yake zaune da matarsa a ɓangaren gaba na gidan, Malama, da take aure a can ƙarshen gari tana koyarwa, Direba, wanda kullum yana bisa hanya, sai ita. A da Auta tela ce. Keken ɗinkinta yana nan a kusurwar ɗakin Umma, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, a kansa ake jera kwalaben magani.

Duk bayan awa biyu sai ta juya Umma, don kada kwanciya ta ci mata baya. Ta canza mata kunzugu, ta goge ta da ruwan ɗumi, ta shafa mata mai, ta ba ta abinci cokali-cokali tana jiran ta haɗiye. Igiyar shanya ba ta taɓa zama babu zanin gado a kanta ba. In ta shiga wanka, sai ta bar ƙofa a ɗan buɗe don ta ji.

A shekara ta bakwai ne ta fara jin ƙararrawar ko ba a danna ba. Tana tsakiyar wanki sai ta yar da sabulu ta ruga, ta tarar Umma na barci. Ta zuba gishiri a shayi. Ta bar tukunya a wuta har gindinta ya huje. Ranar da abin ya fito fili, Matar Yaya ce ta shigo aron dutsen guga, ta same ta zaune a ƙasa, ƙwayoyin magani a tafin hannunta, tana kuka ba sauti. Ta kasa tuna ko ta ba Umma na safe ko ba ta ba ta ba.

Aka yi zama a falo. Direba yana cikin waya, an ɗora shi a hannun kujera, ƙarar mota na cinye rabin maganarsa.

“Yarinyar nan kanta ya taɓu,” in ji Malama. Tana faɗa tana kallon Auta kamar ba ta wurin. Shekarar Auta talatin da huɗu.

“Ba kaina ba ne, Yaya. Gajiya ce,” in ji Auta. “Da za a samu wanda zai riƙa karɓa ta, ko kwana ɗaya a sati...”

“Ni da bayan nan nawa?” Malama ta dafa ƙugu. “Ko buhun auduga likita ya hana ni ɗagawa. Ga makaranta, ga yara.”

Matar Yaya ta sunkuyar da kai, ta yi muryar ladabi. “Ni ai suruka ce. Da wane ido zan kalli tsiraicin Umma? Kuma ita ma ba ta son hannun kowa sai naki, kowa ya sani.”

“Wallahi da ina gari...” in ji Direba, sai layin ya yanke.

“To a ɗauko mai jinya,” in ji Auta a hankali.

Yaya Babba ya cire tabarau. “Bare? Bare ya taɓa mana uwa muna raye, mu huɗu? Ki bari mutane su ji wannan.” Ya gyara zama. “Ni na riga na samo mafita. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani wuri, ana horar da ƙwaƙwalwa da na'ura. Ba allura, ba ƙwaya. Ɗansa da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu sai ka rantse limami ne. Saita kai suke yi, kamar yadda ake saita rediyo. A saita ki, ki dawo daidai.”

Kowa ya ce Allah ya saka wa Yaya da alheri. Matar Yaya ta yarda za ta zauna da Umma awa biyu duk Talata, tunda dai zama ne kawai.

Wurin yana hawa na biyu a wani gini, saman kantin sayar da tayal. Ɗaki ne ƙarami mai farin labule, da kujera mai laushi, da allon kwamfuta a gabanta. Matar da take aikin ta ce ita ba likita ba ce, amma Auta ba ta iya kiranta da wani suna ba, har ta gaji ta bar ta.

“Cire ɗankwalin, ƙanwata,” in ji Likita.

Auta ta zare shi a hankali. Kitson kanta ya fi wata huɗu, ya tsufa ya cukurkuɗe.

“Kada ki damu, na ga wanda ya fi wannan. Nawa ma in na cire sai kin gudu.”

Ta sa yatsu tana buɗa tsakanin layin kitson, tana goge fatar kai, tana shafa wani farin mai mai danƙo, tana manna ƙananan wayoyi masu kai kamar maɓallin riga. Ta maƙala biyu a kunnuwa. Yatsunta da ɗumi. Auta ta rufe ido, ta nemi ranar ƙarshe da wani ya taɓa ta ba don yana son ta ɗaga shi ba. Ba ta samo ba.

“Na'urar za ta ja ni?”

“Ko kaɗan. Ba ta sa miki komai a kai, saurare kawai take yi. Ƙwaƙwalwa tana da nata motsi, wani mai sauri, wani a hankali. Kalli allon. Kin ga kwale-kwalen can a bakin ruwa? In kanki ya natsu, zai tafi. In ya tashi, zai tsaya, hoton ya dushe. Ba sai kin yi ƙoƙarin komai ba. Kan da kansa zai gane abin da yake tafiyar da shi, ya riƙa komawa can.”

Kwale-kwalen ya ɗan motsa, ya tsaya. Ya sake motsawa. Wani sauti mai taushi ya fara fita, kamar ruwa na lasar katako. Ya yi tafiyar da ba ta fi taku goma ba, sai wayar wani ta yi ƙara a baranda, ƙil. Allon ya yi duhu. Auta har ta miƙe rabi, wayoyin na jan kanta.

“Me kika ji?” in ji Likita.

“Na ɗauka Umma ce.”

Likita ta dube ta, ta dubi layukan da suke gudu a nata allon. Ta gyara wayar da ta zame.

Talata ta biyu kwale-kwalen ya bar gaɓa. Ta uku ya ratsa ta cikin wasu dogayen ciyayi. Ta huɗu, wani ɗan tsibiri ya bayyana can nesa, da bishiya ɗaya a kansa, kafin rabin awar ta cika.

“Me ke bayan tsibirin, Likita?”

“In na faɗa miki ai na ɓata. Ke za ki kai kanki.”

Auta ta fara rayuwa daga Talata zuwa Talata. Ran Litinin take wanke mayafinta ta goge. In ta fito daga wurin, sai ta sauka daga mota tun kafin a kai layinsu, ta ƙarasa da ƙafa, ta bi ta gaban shagon teloli. Ba ta shiga. Takan dai rage sauri ta saurari kekuna suna gudu, ƙafarta ta dama na taka ƙasa tana bin su. Minti goma ne. Ba wanda ya san da su.

A gida kuwa, kullum Matar Yaya na bakin ƙofar ɗakin Umma a kan kujerar roba, waya a hannu, ƙofar a janye.

“Sai yanzu? Tun ɗazu fa ta ɓata jikinta. Na ce bari dai ki dawo, kada in yi ba daidai ba.”

A sati na shida Likita ta ce tana son ganin wani babba daga gida. Yaya Babba ya zo daga ofis, makullin mota a hannu, bai ko zauna sosai ba. Ta juyo masa da allonta.

“Ka ga nan, ranka ya daɗe? Haka take zuwa duk Talata, layin a sama, kamar wadda ake kora. Ka ga nan kuma? Haka take tafiya, ya sauko. Sati na zagayowa sai ya koma inda yake. Abin da muke ginawa a rabin awa, kwana shida suna rushe shi.”

“To, to,” in ji Yaya Babba.

“Ƙanwarka ba ta da wata cuta a kai. Kanta ya koyi zama cikin shiri ne, don ba a taɓa ce masa ya huta ba. Tana bukatar barci mai tsawo. Tana bukatar yini guda da ba ita ce mai amsa kira ba. In ba a samu wannan ba...”

“Amma dai na'urar tana aiki?”

“Tana taimakawa, sai dai...”

“Alhamdulillahi. Abin da nake son ji ke nan.” Ya karkaɗa makulli. “Na ji an ce akwai irinta ta gida?”

Likita ta ajiye biro. “Akwai. Amma ba zan ba da shawararta ga Auta ba. Fitowar da take yi, ita ma rabin maganin ce.”

“Ai kowa da sana'arsa, Hajiya,” ya ce yana murmushi. “Na gane.”

A mota bai yi maganar ba. Ya kunna labarai. Auta ta jingina kai da gilashi tana kallon shagon teloli har suka wuce.

Bayan kwana tara ya shigo da kwali, fuskarsa kamar wanda ya ci gasa. A ciki akwai wani baƙin abu mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a goshi ya zagaya bayan kunne. Ya haɗa shi da tsohuwar wayarsa, ya miƙa mata. Ga ruwan, ga gaɓar, ga kwale-kwalen, sak irin na wurin Likita, sai dai ƙarami.

“Kin gani? Kin huta da wahalar hanya. Can sau ɗaya a sati, nan kuwa kullum, ko sau uku kike so. Kina yi kina jin motsin Umma. Ita ma antinki ta huta, ƙafarta har kumbura take yi da zaman nan.”

“Yaya, Likita ta ce...”

“Likita kasuwarta take karewa. Ke ba ki san mutane ba.”

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce ta gode.

Talata ta zo. Ta riga ta wanke mayafin tun Litinin, hannunta ne ya yi ba da saninta ba. Ta ninke shi ta mayar cikin akwati. Ƙarfe goma ta zauna a kujerar roba a ƙofar ɗakin Umma, ta ɗaura abin a goshi. Sanyi gare shi, kuma ba yatsun kowa.

Kwale-kwalen bai motsa ba.

Ta ja numfashi yadda aka koya mata. Ya ɗan girgiza. Umma ta yi tari, hoton ya dushe. Ta sake. Gado ya yi ƙara, ya dushe. Ko da ɗakin ya yi tsit, kunnenta na can ciki, yana jiran abin da zai biyo bayan shirun. Ta gwada a kicin, ta gwada a tsakar gida kusa da igiyar shanya. Kwana ashirin tana gwadawa, bai kai ko ciyayin ba.

Sau biyu Likita ta kira. Na farko Auta na riƙe da Umma a rabin juyi. Na biyu ta ga kiran, ta zuba wa wayar ido har ta katse, don ba ta san me za ta ce ba.

Ta rage magana. Abinci sai ta tuna. Wata rana da hantsi ta tsinci kanta tsaye a tsakar gida da jiƙaƙƙen zanin gado a hannu, ruwa ya jiƙa mata riga har ƙasa, ba ta san tun yaushe take tsaye ba.

Umma tana gani. Bakinta ya karkace, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita, amma idonta ras. Wani yammaci Auta ta lura tun azahar ba a danna ba. Ta shiga da gudu, ta tarar da ita a jiƙe sharkaf, ƙararrawar kuma an tura ta can ƙarƙashin matashi.

“Haba Umma! Me ya sa ba ki kira ni ba?”

Umma ta daɗe tana haɗa bakin. “Kin... gaji.”

Auta ta ciro ƙararrawar, ta mayar ƙarƙashin yatsunta, ta danne hannun da nata. “Ki riƙa dannawa. Kin ji? In ba ki danna ba, na fi wahala.” Ta juya baya tana matse tsumma a ruwan ɗumi, ta daɗe tana matsewa.

Ran Asabar Malama ta zo. Ta leƙa ɗakin Umma daga bakin ƙofa, gefen mayafi a hanci, ta ce, “Umma, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi,” ta dawo falo. Matar Yaya ta kawo shayi. Hira ta yi daɗi, ana ta dariyar wani maƙwabci da ya sayi mota ya kasa shigar da ita gareji. Auta ta zo wucewa da bokiti.

“Ke, zo nan,” in ji Malama. “Ya na ga kin ƙara zama wata iri? Ina na'urar da Yaya ya wahala ya samo miki?”

“Ina yi. Ba ya tafiya.”

“Me ne ba ya tafiya?”

“Kwale-kwalen.”

Yaya Babba ya tsuke fuska. “Kada dai jabu suka ba ni. Ɗauko mu gani.”

Ta ɗauko. Ya ɗaura a goshinsa, ya zame masa kamar rawanin da bai kai ba, Malama ta fashe da dariya. Ya jingina wayar da kofin shayi, ya miƙe ƙafafu, ya ɗora hannu a ciki.

Kwale-kwalen ya bar gaɓa kamar dama shi yake jira.

Auta ta ajiye bokitin. Sautin ruwan nan ya cika falon. Kwale-kwalen ya ratsa ciyayin ba tare da ya ko rage gudu ba. Tsibirin ya taso, ya matso, ga bishiyar har ana ganin ganyenta. Kwale-kwalen ya kewaya shi ta dama. A bayansa ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, da wasu fararen tsuntsaye suna tashi daga kansa. Sati shida ta yi tana son ganin wurin nan. Yau ta gan shi, a kan Yaya.

Ƙararrawa ta buga daga ɗakin Umma.

Ƙafar Auta ta riga ta juya. Amma idonta na kan wayar, sai ta tsaya. Hoton bai dushe ba. Kwale-kwalen ko gezau.

Aka sake dannawa. Tsuntsayen suka ci gaba da tashi.

“Kai, Yaya akwai natsuwa!” in ji Malama. “Ka ga mutumin da zuciyarsa ke wanke.”

Ya cire abin yana dariya, ya ajiye a tebur. “Lafiyarta ƙalau. Matsalar daga kanki take, Auta, ba kya sa himma. Komai sai mutum ya sa kansa.” Ya ɗauki kofi. “Wai ba kya jin Umma na kira ne?”

“Ashe ka ji.”

“Na ji mana. Kurma ne ni?”

“Ka ji sau biyu,” in ji Auta. Muryarta ba ta tashi ba. “Kuma bai tsaya ba.”

“Me kike nufi?”

“Tunda ka ji, Yaya, ka je.”

 Matar Yaya ta shiga tattara kofunan da ba a gama sha ba. Malama ta kai hannu ƙugu, ciwon bayan ya motsa. Yaya Babba ya dubi Auta kamar kujera ce ta yi magana.

“Ni namiji in shiga in yi me? In wani abin ne na mata fa?”

Ƙararrawar ta buga na uku, a raunane, irin bugun yatsan da ya gaji. Auta ta tsaya ta ba su lokaci. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Mutum uku, ƙafafu shida, Umma ce ta koya wa huɗu daga ciki tafiya. Ba wadda ta motsa.

Ta ɗauki bokitinta. Tana kaiwa ƙofa ta ji Yaya Babba ya rage murya yana ce wa Malama, “Kin ga abin da nake faɗa miki? Abin gaba yake yi. Akwai wata na'urar da ta fi wannan ƙarfi, zan sa a kawo.”

Haka ake yi a gidan. An auna kan Auta, an zana shi a allo, an saya masa na'ura, ana shirin sayen ta biyu. Kan da ya ji kiran uwarsa bai ko girgiza ba, shi ne aka ce mai lafiya.

Ta taɓa shimfiɗar Umma, a bushe take. Ta miƙa mata ruwa, ta kau da kai. Ba lokacin juyi ba ne, ba na magani ba.

“Me kike so, Umma?”

Idon Umma na kan ƙofa, inda muryoyin 'ya'yanta suke shigowa. Ta yi ta kokawa da bakin.

“Su... shigo.”

Auta ta zauna a bakin gadon. Daga falo aka ji karkaɗar makulli, Yaya zai sauke Malama a gida. Aka ji takalma, aka ji ƙofar waje.

“Suna zuwa, Umma,” ta ce.

Mota ta tashi. Umma ba ta ɗauke ido daga ƙofar ba, yatsanta na kan ƙararrawar, Auta kuma ta riƙe hannun, ba ta hana ta ba.